Karatun likita: ƙofar tana rufewa tun kafin a kai bakinta

Daga Garwa zuwa Damagaram ana ƙara buɗe tsangayoyin koyon likitanci, Najeriya kuma ta ninka guraben da take bayarwa. Sai dai ga yaran Hausawa da ke warwatse tsakanin tsarin karatun Faransanci, na Ingilishi da na Larabci, darussa huɗu ne ke yanke hukunci, kuma ana yanke shi ne shekaru uku kafin a rubuta takardar neman gurbi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna sanya Nijar da Chadi a sahun ƙasashen da suka fi fama da ƙarancin likitoci a duniya, inda ba a kai likita ɗaya ga kowane mutum 10,000 ba. Ƴan kaɗan ɗin da ake da su ma sun fi taruwa a Yamai da Njamena, don haka mai doguwar naƙuda a ƙauyen da ke bakin iyaka takan yi tafiyar sa'o'i kafin ta isa wurin wanda zai iya yi mata tiyata.

Amsar da gwamnatocin yankin suka bayar ita ce ƙara makarantu. A Nijar, Yamai kaɗai ke horar da likitoci tun shekarun 1970, har sai da aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010. Yau Maraɗi da Damagaram kowacce tana da tsangayar kimiyyar lafiya. Kamaru, wadda ta fara horar da likitocinta a Yawunde a 1969, yanzu tana da tsangaya a Garwa, ƙarƙashin jami'ar da aka kafa a garin a 2022. Chadi na da ta Njamena da ta Abeche. A ƙarshen 2023 kuma hukumomin Najeriya suka sanar da ƙara adadin ɗaliban likitanci da ake ɗauka a shekara daga 5,000 zuwa 10,000.

Kujeru sun ƙaru, wannan ba a musu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ya cancanci zama a kansu? Domin sharuɗɗan shiga ba su sassauta ba, kuma yawancin yaran da ke mafarkin sanya farar rigar likita suna fita daga layi ne tun suna shekara 15 ko 16, sau da yawa ba tare da su ko iyayensu sun san cewa an yi wani zaɓi ba.

Mararrabar da ke bayan BEPC

A Nijar da Kamaru, yaro yakan yi shekara shida a firamare da huɗu a kwaleji, sannan ya zauna jarabawar BEPC. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wanda aka tura ajin seconde A ya kama hanyar adabi, harsuna da falsafa. Wanda aka tura seconde C ya kama hanyar kimiyya, wadda daga baya take rabuwa zuwa rukunin C mai nauyin lissafi da fizik, da rukunin D mai nauyin kimiyyar halittu. Tsangayoyin likitanci BAC C ko D suke nema. Mai BAC A, komai kyawun makinsa, takardarsa ba ta buɗe wannan ƙofa.

A Najeriya mararrabar tana ajin SS1, inda ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, na adabi da na kasuwanci. A Gana kuwa ɗalibi yana zaɓen fannin da zai bi ne tun kafin ya shiga babbar sakandare, kuma wanda bai samu fannin kimiyya ba ba zai zauna jarabawar kimiyyar sinadarai da fizik a WASSCE ba. Sudan ma tana raba ɗalibanta zuwa ɓangaren kimiyya da na adabi kafin jarabawar kammala sakandare, wadda makinta ne ke tantance wanda zai shiga likitanci.

A takarda, makin yaro a lissafi da kimiyya ne ke tantance inda za a tura shi. A zahiri akwai wasu abubuwa da ke shiga ciki. Makarantun lise da yawa na karkara ba su da isassun malaman lissafi da fizik, wasu ba su da ajin C ko kaɗan, kuma iyalin da ba su da ɗan'uwa a birni da zai riƙe musu yaro sukan bar shi ya shiga ajin da ke akwai. Shi kansa yaron yakan gudu daga lissafi ya bi abokansa. Uban da bai yi boko ba, ko wanda ya yi nasa karatun a wani tsarin dabam, ba ya gane bambancin A da C. Abin da ya sani shi ne ɗansa ya ci jarabawa ya wuce gaba. Sai bayan shekara uku, ranar da aka je ajiye takardu a jami'a, ake gane cewa alƙalami ya riga ya bushe.

Ga ƴaƴa mata mararrabar ta fi tsanani, domin ta zo daidai da shekarun da ake fara maganar aure. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa kusan uku cikin kowace mace huɗu a Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Al'ummar da ta fi kowa son mace ta duba mace a asibiti ita ce kuma take janye ƴaƴanta mata daga makaranta a daidai ajin da ake fara gina likita.

Darussa huɗu, ƙofofi daban-daban

Duk inda aka je a yankin, ginshiƙan iri ɗaya ne: kimiyyar halittu, kimiyyar sinadarai, fizik da lissafi, sai harshen da ake koyarwa da shi. Inda aka bambanta shi ne wurin da aka ajiye rariyar tacewa.

Kamaru ta ajiye tata a bakin ƙofa. Ɗalibin ɓangaren Faransanci sai ya tsallake Probatoire a ƙarshen ajin première, sannan BAC a terminale, sannan ya fuskanci jarabawar ƙasa ta shiga horon likitanci da aka fara a 2013, wadda ɗaliban Faransanci da masu takardar GCE ta ɓangaren Ingilishi suke zaunawa tare. Akwai kuma iyakar shekaru, abin da ke cutar da yaron da ya fara boko a makare ko ya maimaita aji sau biyu. A Chadi ma ta jarabawar gasa ake shiga. Wasu ƙasashen, irin su Mali, sun daɗe suna bin tsohon salon Faransa: a bar ɗalibai da yawa su shiga shekarar farko, a ƙarshenta a ɗebi adadin da aka ƙayyade, sauran su nemi wata hanya.

Najeriya tana tacewa sau uku. Na farko, sai ɗalibi ya samu kyakkyawan sakamako a darussa biyar na WAEC ko NECO, wato Ingilishi, lissafi, kimiyyar halittu, sinadarai da fizik, kuma jami'o'i da yawa suna so a same su a zama ɗaya. Na biyu, jarabawar JAMB da ake yi a kwamfuta: tambayoyi 180 cikin sa'a biyu, 60 a Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga cikin halittu, sinadarai da fizik, jimillar maki 400. Sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025 ya nuna cewa cikin ɗalibai kusan miliyan biyu, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su wuce dubu goma sha biyu da ɗoriya ba. Daga baya hukumar ta amince an samu tangarɗar na'ura a Legas da kudu maso gabas, ta sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarabawa, amma hakan bai canza hoton gaba ɗaya ba: masu neman likitanci suna gasa ne a wani siririn sahu da ke can sama. Na uku kuma, kowace jami'a tana da nata tantancewar.

A Gana ana haɗa sakamakon darussa shida na WASSCE, mafi kyawun jimilla ita ce 6, wato A1 a kowane darasi. Tsangayoyin Accra da Kumasi sukan cika ne da waɗanda jimillarsu ke kusa da wannan lamba. Karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 ya shigar da yaran zango da yawa makaranta, amma gurbin ajin kimiyya a makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje na gaske har yanzu gasa ce mai zafi.

Iyaye da yawa sun ɗauka cewa likitanci hadda ce ta sunayen sassan jiki, don haka yaro mai ƙwaƙwalwar hadda ya isa. Misali ɗaya ya ishe mu gane dalilin da ya sa ake matsa wa ɗalibi da lissafi. Allurar artesunate da ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ana auna ta ne da nauyin jiki: miligiram 2.4 ga kowane kilo, amma miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Yaro mai kilo 12 zai karɓi miligiram 36, kuma dole a juya wannan zuwa yawan ruwan da za a zuƙa a sirinji, cikin dare, uwa tana tsaye tana kuka. Hawan jini, hoton ƙashi da na'urar duba cikin mai juna biyu duk fizik ne. Yadda magani ke narkewa a jini da yadda hanta ke sarrafa shi kuwa sinadarai ne tsagwaronsu.

Nauyin shekarar farko

Samun gurbi rabin aiki ne. Yawancin jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci sun koma tsarin LMD, wanda ke auna karatu da kiredi: 30 a kowane zango, 60 a shekara. A ma'aunin Turai, inda tsarin ya samo asali, kiredi ɗaya na nufin aikin sa'a 25 zuwa 30, a aji da kuma a gida. Wato shekara ɗaya tana cin sa'a 1,500 zuwa 1,800. Idan aka raba wannan a kan, a ce, makonni 32 na karatu da jarabawa, ya kama sa'a 47 zuwa 56 a mako. Ya fi aikin ma'aikacin gwamnati tsawo, kuma ba a biyan albashi.

Abin da ke cikin wannan shekara kuwa ba ya kama da abin da ɗalibi ya zata. Ba ya ganin majinyaci. Abin da ke gabansa shi ne sinadarai iri-iri, fizik, ilimin ƙwayar halitta, lissafin ƙididdiga, da farkon ilimin sassan jiki. A Najeriya ma shekarar farko a tsangayar kimiyya ake yin ta, tare da masu karatun sinadarai da fizik, kuma sai wanda ya ci darussan da makin da aka gindaya yake tsallakawa zuwa shekara ta biyu. A can ne ake shiga ɗakin gawa don koyon sassan jiki, tare da ilimin yadda sassan ke aiki da sinadaran da ke cikinsu. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi sai babbar jarabawar da ɗalibai suka fi tsoro. Makin ci 50 ne cikin 100, kuma wanda ya faɗi ya sake faɗi ana sallamarsa zuwa wani fanni.

A nan ne giɓin sakandare ke fitowa fili. Ɗalibin da ya fito daga lise mai ɗakin gwaje-gwaje ya taɓa riƙe kwalbar awo, ya taɓa leƙa madubin ƙara girma. Wanda ya fito daga makarantar da ake zana gwajin a allo da alli yana fara koyon riƙe kayan aiki ne a daidai lokacin da ake auna shi a kansu. Ga cunkoson ɗakin lacca, ga tsadar littattafai da yawancinsu daga waje ake kawo su, ga matsalar wurin kwana da wutar lantarki.

Ga iyalan ƴan kasuwa, waɗanda su ne mafi yawa a zangunan Hausawa, akwai wani abin lura. An saba yaro ya yi makaranta da safe, da rana ya karɓi mahaifinsa a shago, ko ya ɗauki babur ya nemi na kashewa. Wannan tsari yana iya tafiya da wasu fannoni. Ba ya tafiya da sa'a 50 a mako. Iyalin da suka tura ɗansu likitanci sun sallama hannu ɗaya daga shago na tsawon shekara shida a Najeriya ko Gana, bakwai a Kamaru, bakwai zuwa takwas a wasu ƙasashen Faransanci, ban da abin da yajin aiki zai ci. Yajin malaman jami'o'in Najeriya na 2022 kaɗai ya ɗauki wata takwas.

Tsallaka iyaka da takarda a hannu

Bahaushe ba ya ganin iyaka a matsayin bango. Ɗan Maraɗi yana da kawu a Katsina, ɗan Garwa yana da gwaggo a Yola, ɗan Kumasi yana da dangi a Kano. Don haka idan ƙofa ta rufe a gida, tunani na farko shi ne a gwada maƙwabta. Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a Maraɗi a 2013, mai koyarwa da Ingilishi, ta nuna cewa ɗalibai na kwarara ta kowane ɓangare, domin ƴan Najeriya ne suka fi cika fannoninta na kiwon lafiya.

To amma takardar makaranta ba ta tsallaka iyaka da sauƙin da buhun gero ke tsallakawa. Ƙasashe masu amfani da Faransanci suna da majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968 take da mazauni a Wagadugu, kuma ita ke kula da amincewa da takardun juna. Najeriya da Gana ba sa cikinta. Mai BAC da ke son shiga jami'ar Najeriya sai an tantance darajar takardarsa, sai kuma ya nuna ya iya Ingilishin da zai saurari laccar sinadarai da shi. Hukumar JAMB tana gudanar da jarabawarta a wasu biranen waje, ciki har da Kwatano, Accra da Buea, amma manhajar ta Najeriya ce, tambayoyin kuma da Ingilishi suke.

Akwai kuma maganar asali. Jami'o'in tarayya na Najeriya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko. Tun 2021 rajistar JAMB na buƙatar lambar ɗan ƙasa ta NIN. Yaron da aka haifa a Ngaundere, wanda kakansa ya baro Kano shekara saba'in da suka wuce, Bahaushe ne a harshe da al'ada, amma a ofishin rajista baƙo ne, kuma kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Wasu iyalai sukan nemi takardar asali ta bayan fage. Haɗarin shi ne a gano bayan shekara huɗu ko biyar, a rasa gurbin da shekarun baki ɗaya.

Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS, wadda ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, ta ƙara sanya ayar tambaya. Hukumar lafiya ta ƙungiyar ta yi shekaru tana aikin daidaita manhajar horar da likitoci tsakanin ƙasashen Faransanci da na Ingilishi, domin likitan da ya gama a Yamai ya iya aiki a Sakkwato ba tare da dogon turanci ba. Makomar wannan aiki yanzu ta dogara ne ga abin da ƙasashen AES da ECOWAS za su daidaita a kai.

Darasin Khartum, Yukren da Kwatano

Shekaru da yawa Sudan ce mafitar waɗanda rariyar gida ta tace. Tana da tsohuwar al'adar horar da likitoci tun makarantar da aka buɗe a Khartum a 1924, tana da Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa mai karɓar ɗaliban nahiyar, ga Musulunci da Larabci da ke kwantar wa iyaye hankali, musamman game da ƴaƴa mata. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe wannan hanya dare ɗaya. Najeriya ta kwaso mutanenta sama da 2,000 ta Masar da Port Sudan, yawancinsu ɗalibai, wasu suna shekarar ƙarshe, da yawa ba tare da takardar da ke nuna darussan da suka ci ba. Su kuwa Hausawan Sudan na Gadarif, Kasala, Damazin da Maiurno, yaransu sun jira har watan Disambar 2024 kafin a gudanar da jarabawar sakandaren da ya kamata a yi a 2023. Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda ta yi suna wajen horar da likitocin karkara, ta tsinci kanta a fagen daga lokacin da dakarun RSF suka kama garin a Disambar 2023.

Kafin wannan, a 2022, yaƙin Yukren ya tarwatsa dubban ɗaliban Afirka. Da jami'o'in can suka koma koyarwa ta intanet, majalisar likitoci ta Najeriya ta ce ba za ta amince da digirin likitanci da aka yi ta wannan hanya ba. Dama kuma duk wanda ya yi karatun likita a waje sai ya zauna jarabawar majalisar kafin a ba shi lasisin aiki, kuma a nan ne waɗanda suka shiga makarantun waje da raunin sinadarai da fizik suke sake cin karo da abin da suka guje wa.

Sai kuma batun Kwatano. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a birnin cikin mako shida, ba tare da ya zauna a aji ba. Digirin ba na likitanci ba ne, amma dakatar da tantance takardun Benin da Togo da Najeriya ta yi a Janairun 2024 ya jefa hatta ɗaliban makarantun kirki cikin zullumi. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado. Makarantar da ta karɓi yaro likitanci ba tare da ta tambayi makinsa na sinadarai ba, kuɗinsa take so.

Faransa da Amurka ba su fi sauƙi ba

Faransa ta soke tsarin shekarar farko ta bai ɗaya da ake kira PACES a 2020, tare da ƙayyadadden adadin ƙasa da aka kafa tun 1971. A madadinsa ta kawo hanyoyi biyu: PASS, inda ɗalibi ke karanta kimiyyar lafiya da wani ƙaramin fanni a gefe, da L.AS, inda yake karanta wani digiri dabam da darussan lafiya a gefe. Ba a maimaita PASS. Wanda bai samu shiga ba sai ya bi ta ɗayar hanyar ya sake gwadawa. Ga ƴan Nijar ma hanyar ta ƙara nisa tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024.

A Amurka, inda ƴan zango da dama suka kafa gida a New York, ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai an gama digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, amma a cikinsa makarantu da yawa suna son a ga shekara ɗaya ta kimiyyar halittu, biyu na sinadarai, ɗaya ta fizik, duka da aikin ɗakin gwaje-gwaje, ga lissafi da Ingilishi. Bayan haka sai jarabawar MCAT mai tambayoyi 230, wadda ke cin kusan sa'a bakwai da rabi, sannan a fara wasu shekaru huɗu na likitancin kansa. Ƙasashen da ke ba ɗaliban yankin tallafin karatu, irin su Kyuba, Rasha da Turkiyya, sukan ƙara shekara guda ta koyon harshe kafin a fara. Ko'ina aka juya, darussan nan huɗu suna nan suna jira.

Tsarin Amurka yana da abu ɗaya da yankin zai iya koya: yana ba wanda ya farga a makare dama ta biyu. Jami'ar Gana da ke Accra ta riga ta buɗe irin wannan hanya, shirin shekara huɗu ga masu digirin farko a kimiyya. A Najeriya akwai shirin share fage na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, ko da yake kowace jami'a tana da nata sharaɗin kafin ta karɓe shi don likitanci.

Inda gyaran yake

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin fizik haifaffen Tasawa wanda ya yi fice a binciken makamashin rana. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin sinadarai. Waɗannan darussa biyu su ne yau suka fi ƙarancin malamai da kayan aiki a makarantun karkarar da mutanen biyu suka fito daga yankinsu. Gina tsangaya a Damagaram ko Garwa yana rage wa iyaye kuɗin mota da na haya, amma idan lise ɗin da ke kewaye ba sa yaye isassun masu BAC C da D, kujerun za su cika ne da yaran manyan birane, waɗanda da yawansu za su koma inda suka fito da zarar sun gama.

Harshe ma yana cikin lissafin. Kundin da hukumomin Nijar suka amince da shi a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Abdou Moumouni ya yi kira da a koyar da yaran Afirka da harsunansu tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka. Sai dai har yanzu da Faransanci ake rubuta jarabawar BAC, da shi ake laccar likitanci, a Yawunde kuma malami na iya shigowa da Ingilishi na gaba da shi ya zo da Faransanci. Yaron da ya yi sakaci da harshen aji don jin cewa zamaninsa ya wuce zai sha wuya a shekarar farko. Hausarsa da Fulatancinsa za su yi masa rana daga baya, a gefen gadon majinyacin da ba ya jin kowane harshen Turai.

Ƙungiyoyin ƴan zango da attajiran da ke ɗaukar nauyin karatu sukan jira sai yaro ya samu gurbi a jami'a su biya masa kuɗi. A lokacin an riga an tace. Kuɗin da zai tura ɗalibi ɗaya ƙasar waje shekara guda zai iya biyan malamin sinadarai da na lissafi su yi wa ɗaliban unguwa darasin ƙari, ko ya sayi kayan gwaje-gwaje ga lise guda, ko ya kama ɗakin kwana ga ƴan mata da suka samu seconde C a garin da ba su da kowa.

Kuma ba duk wanda rariya ta tace ba ne ya yi asara. Makin da bai kai likitanci ba sau da yawa ya isa harhaɗa magunguna, ungozoma, jinya ko gwajin jini, a makarantu irin su ta kiwon lafiya ta Damouré Zika da ke Yamai da takwararta ta Damagaram. A yawancin asibitocin karkara waɗannan ma'aikata ne majinyaci ke fara gani, wani lokaci su kaɗai. Su ma fannonin sun fi buɗewa ga wanda ya bi ajin kimiyya.

Ga iyalin da ke da yaro a ajin ƙarshe na kwaleji a bana, tambayoyin da za su yi wa shugaban makaranta kafin a fitar da sakamakon BEPC ba su da yawa: nawa yaron yake ci a lissafi da fizik, wane aji za a tura shi, kuma lise ɗin da za a tura shi yana da terminale C ko D da malamin da ke shiga ajin a kai a kai?